Yadda Za Ka Tsara Karatun Kanka a Saudiyya, Daga Lissafin Shago Zuwa Tarihin Hanyar Hajji

Yawancin Hausawan da ke neman abinci a Makka, Madina da Jidda ba su da halin komawa aji. Wani yana tsaron shagon turare, wani direba ne, wata tana ɗinkin abaya a gida, wani kuma aikinsa haɗa kaya ya tura wa 'yan Kano-Jidda ta kargo. Duk da haka kowa a cikinsu yana cin karo da takardun da bai gane ba, da lissafin da ya ƙi daidaita a ƙarshen wata, da dokar da ta canja bai sani ba. Maganin wannan karatu ne, kuma karatun da mutum zai yi wa kansa yana bukatar tsari fiye da na makaranta, domin babu malamin da zai tambaye ka inda ka tsaya. Abin da ke kashe irin wannan karatu kusan kullum ɗaya ne: a sayi littattafai kafin a san tambayar da ake neman amsarta, a kuma ɗora wa kai adadin da lokacin mutum ba zai ɗauka ba.

Fara da rubuta abin da ke damunka

Kafin ka taka kantin littattafai, sayi littafin rubutu mai kauri guda ɗaya. A shafin farko rubuta tambayoyi biyar zuwa bakwai da suka taso daga aikinka a watannin baya. Kada ka rubuta "ina son in san kasuwanci", wannan ba ta da bakin kamawa. Rubuta irin waɗannan: me ya sa ciniki ke yawa amma kuɗi ba ya zama a hannu? Nawa ne ainihin ribata a kan jallabiya guda bayan haya da kuɗin kargo? Idan na bar aikin nan, nawa ne haƙƙina? Yaya ake fitar da zakkar kayan shago? Sannan ka ƙara biyu waɗanda ba su shafi kuɗi ba, abin da zuciyarka ke son sani kawai, misali yadda kakanni suka iso ƙasar nan a ƙafa, ko yadda ake tace ruwan teku ya zama na sha.

Waɗannan tambayoyin su ne za su zaɓa maka littafi. Duk littafin da bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, komai yabon da ake yi masa, ya jira baɗi.

Auna lokacinka da kalandar Hijira

A nan ne tsarin mutanen wasu ƙasashe ba ya yi mana aiki. Wanda ke Makka ko Madina ya san cewa shekara ba ta tafiya bai ɗaya. Shekarar Hijira kwana 354 ce, wato kamar mako 50. Cire mako biyar na Ramadan da hutun Ƙaramar Salla, lokacin da kasuwa ke ci har asuba, abin da ya rage na ƙarfin mutum kuma na Alƙur'ani ne da tarawihi. Cire mako shida daga tsakiyar Zulƙida zuwa ƙarshen Zulhajji, lokacin da alhazai suka cika gari, baƙi daga gida suna ta kira. Ƙara cire mako uku saboda rashin lafiya, tafiya da hidimar iyali. Saura mako 36. Da su za ka yi lissafi, kuma mafi kyawun lokacin farawa shi ne Muharram, bayan alhazai sun watse.

Sai ka auna saurin karatunka. Ɗauki littafi irin wanda kake son karantawa, sa agogon waya na minti 20, ka karanta yadda za ka fahimta, ka ƙirga shafukan. A ce ka sami shafi shida. Idan ka yi haka kwana biyar a mako, shafi 30 ke nan, a mako 36 kuma shafi 1,080. Wannan littafi huɗu ne ko biyar masu matsakaicin kauri. Wasu za su ga ya yi kaɗan, amma littafi huɗu da aka karanta da biro a hannu suna canja yadda mutum ke riƙe shago. Idan a harshen da ba ka ƙware ba ne ka ga shafi uku kake samu, to tsara littafi biyu, kada ka ji kunya. Saurin yana ƙaruwa da kansa bayan 'yan watanni, musamman idan fannin ɗaya ne, domin kalmomin suna maimaita kansu.

Ɗaure lokacin karatun da salla maimakon agogo. Bayan Asuba ya fi ko wane lokaci ga wanda ba ya kwana a kasuwa. Wanda ke rufe shago bayan sha biyun dare ya fi dacewa ya ɗauki tsakanin Azahar da La'asar, lokacin da rana ta kori masu saye. Direba yana da zaman jira, sai dai jiran ba shi da tabbas, don haka ya bar masa karatu mai sauƙi, ya nemi wani lokacin na lissafi. Safiyar Juma'a ko Asabar a ware awa ɗaya, ba don sabon karatu ba, don bitar abin da aka rubuta a mako.

Wane harshe?

Dokokin Saudiyya da Larabci suke, kuma nassin Larabcin shi ne abin dogaro idan aka yi saɓani. Saboda haka duk wanda ke zaune a ƙasar nan, ko da ya yi boko a Najeriya ko Nijar, dole ya riƙa karanta Larabcin takardu. Wanda aka haifa a Makka yana jin Larabcin Hijaz kamar ruwa, amma sau da yawa Larabcin kwangila yana ba shi wuya. Wanda ya yi karatun zaure ya san nahawu da fiƙihu, amma kalmomin akanta baƙi ne a wurinsa. Duka biyun maganinsu ɗaya: ware shafuka goma na ƙarshen littafin rubutunka, duk kalmar kasuwanci da ka ci karo da ita sau uku ka rubuta ta, ka sa ma'anarta da Hausa yadda kai ka gane, tare da jimlar da ka same ta a ciki. Kada ka tsaya duba ƙamus a kan kowace kalma. Ja layi a ƙarƙashinta ka wuce, ka dawo bayan ka gama shafin, in ba haka ba minti ashirin ɗin za su ƙare a sakin layi guda.

Littattafan kasuwanci da aka fassara daga Turanci zuwa Larabci suna da yawa, kuma ingancin fassarar ya bambanta ƙwarai. Kafin ka saya, buɗe tsakiyar littafin ka karanta shafi guda a tsaye. Idan ka karanta jimla sau biyu ba ka gane ba alhali ka san kalmomin, laifin mai fassara ne, ka mayar da shi.

Jerin karatun: lissafi tukuna

Mako goma sha biyun farko na lissafi ne, kuma wannan ba abin sassauci ba ne. Nemi littafin share fagen akanta, irin wanda ake koyar da 'yan shekarar farko a jami'a. Ba duka za ka karanta ba. Abin da kake bukata shi ne babin rubuta shiga da fita, bambancin riba da kuɗin hannu, lissafin kayan da ke ajiye, da bashi. Ƙa'idar ita ce duk babin da ka gama, ka gwada shi da lambobinka na gaskiya a ranar.

Ga irin abin da za ka tarar. Ka sayi abaya riyal 80 ka sayar 100. Mutane da yawa za su ce ribar kashi 25 ce, kuma gaskiya ne idan aka auna da kuɗin saye. Amma idan aka auna da kuɗin sayarwa kashi 20 ce. Wanda bai rarrabe ba, ranar da hajiya ta matsa ya yi mata ragin kashi 20 yana zaton saura masa biyar, alhali ya sayar a kan uwar kuɗi, ladan tsayuwarsa ma bai fita ba. Haka batun harajin kaya, wanda ake kira dariba. An fara shi da kashi 5 a Janairun 2018, aka ɗaga zuwa kashi 15 a Yulin 2020. Idan fatura, wato takardar shaidar ciniki, ta nuna riyal 115 har da haraji, harajin riyal 15 ne, ana samunsa ta raba 115 da 1.15 a ga asalin farashi 100. Wanda ya cire kashi 15 kai tsaye daga 115 zai sami 17.25, ya ɓata lissafinsa a kowace fatura. Na uku: idan haya, wuta da albashin yaro sun kai riyal 6,000 a wata, ribar kowane kaya kuma riyal 20 ce, sai ka sayar da guda 300, wato goma kullum, kafin ka fara cin ribar ko halala ɗaya, wato kwabon riyal. Wannan lamba ya kamata kowane mai shago ya san tasa kamar yadda ya san lambar igamarsa, wato takardar izinin zama.

Masu turo kaya gida su ƙara babi a kan canji. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.75 tun 1986, don haka duk lokacin da naira ta faɗi a gaban dala, ta faɗi a gaban riyal. Bashin da ka bayar a Kano da naira na wata uku yana iya dawowa cif a lamba amma ya gaza sayen kayan da ya fita da su. Koyi rubuta kowane bashi da riyal a gefe tun ranar da aka ba da shi.

Sai doka, daga tushenta

Mako takwas na gaba na dokoki ne, kuma a nan ba littafi za ka saya ba. Nassin dokokin yana shafin intanet na Hukumar Ƙwararru ta Majalisar Ministoci, kyauta, sababbi kuma suna fitowa a jaridar gwamnati ta Ummul Ƙura. Kada ka ɗauki doka daga saƙon murya na WhatsApp. Dokoki suna sauyawa da sauri tun da aka ƙaddamar da shirin sauya tattalin arzikin ƙasa na 2030 a shekarar 2016, abin da ɗan'uwa ya sani shekara biyar baya yana iya zama ya tashi.

Ma'aikaci ya fara da dokar ƙwadago, ya buɗe kwangilarsa a Qiwa, manhajar gwamnati ta harkar ƙwadago, ya riƙa gwada su sashe da sashe. Ɗauki kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Mai albashin riyal 2,000 da ya yi shekara bakwai, idan mai aikin ne ya sallame shi, yana da 5,000 da 4,000, jimla 9,000. Idan shi ya ajiye aikin da kansa tsakanin shekara biyar da goma, kashi biyu cikin uku zai samu, wato 6,000. Direban gida da mai aikin gida su lura, nasu tsarin daban ne, ba wannan dokar ce ke hukunta su ba, sai su nemi nasu nassin.

Mai sha'awar buɗe harka ya karanta dokar hana tasattur kafin komai, wato baƙo ya riƙa juya kasuwancin kansa da sunan ɗan ƙasa. Hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Wannan ya shafi mutanenmu sosai, domin a gida ɗaya za ka sami mai takardar ɗan ƙasa da mai igama, kuma amana tsakanin dangi ba ta hana doka aiki. Baƙon da ke son mallakar kamfani hanyarsa ta Ma'aikatar Zuba Jari ce. Bayan nan sai jagororin hukumar zakka, haraji da kwastan, wato ZATCA: rajistar dariba tana zama dole idan cinikin shekara ya wuce riyal 375,000, ana kuma iya yin ta da son rai daga 187,500. Fatura ta na'ura ta fara zama wajibi a kan masu rajista tun Disambar 2021.

Yadda ake karanta doka daban ne da littafi. Sashe biyar zuwa takwas a zama ɗaya sun isa. Fara da sashen farko mai bayanin kalmomi, kada ka tsallake shi. Bayan kowane sashe rubuta layi ɗaya: wa ya shafa, me ya wajabta, me zai faru idan an saɓa. Karatun nan zai sa ka iya yi wa lauya tambayar da ta dace, amma ba ya maye gurbinsa idan magana ta kai kotu.

Fiƙihun ciniki

Ware mako shida. Mafi yawan Hausawa sun tashi a kan mazhabar Malikiyya, kuma wanda ya yi zaure ya san Risala ta Ibn Abi Zaid tana da babin ciniki. Koma masa yanzu da idon ɗan kasuwa, za ka ga riba (wato kuɗin ruwa), garari (wato cinikin da ba shi da tabbas), sayar da abin da ba ka karɓa ba da sharuɗɗan canjin zinare duk suna magana ne a kan abin da kake yi kullum. A zakka, nisabi giram 85 ne na zinare, ana fitar da kashi 2.5. Malikiyya sun raba ɗan kasuwa biyu: mai juya kaya kullum yana yi wa kayansa ƙima duk shekara ya fitar, mai ajiye kaya yana jiran farashi kuwa sai ya sayar. Malaman da za ka ji a masallatan nan galibi Hambaliyya ne, za ka ji bambanci a wasu mas'aloli, don haka wannan ɓangaren a karanta shi a gaban malami, ko da sau ɗaya a mako.

Mako goman da suka rage, da littafin dare

A nan ne za ka sa littattafan talla, hulɗa da mai saye da tarihin 'yan kasuwa. Na bar su a ƙarshe da gangan. Suna da daɗin karatu, suna sa mutum ya ji kamar ya ci gaba, amma yawancinsu an rubuta su ne a kan manyan kamfanonin Amurka, kuma sau da yawa abin da ke cikin shafi 250 bai wuce magana uku ba. Guda ɗaya a shekara ya isa. Ka ba kowane littafi shafi 50. Idan ka kai nan ba ka rubuta komai a littafinka ba, ajiye shi ba tare da damuwa ba.

Tambayoyin nan biyu da ba na kuɗi ba su ma suna da haƙƙi, kuma wurinsu daban ne: minti goma kafin barci, ba biro, ba ƙidayar shafi. Tarihin hanyar hajji kaɗai ya ishi mutum shekaru. Kakannin da yawa daga cikin Hausawan Makka sun taso ne ta Barno da Wadai da Darfur, suna yada zango suna noma ko ƙwadago, wasu su shekara da shekaru kafin su kai Sawakin su ƙetare Bahar Maliya. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa Sudan, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu Shuɗi yana nan da sunansa har yau. Wanda ya ƙarfafa a Larabci ya gwada Muƙaddimar Ibn Khaldun, babi na biyar yana magana ne a kan neman abinci, sana'o'i da fatauci. Irin wannan karatu yana gyara harshen mutum, yana kuma ba shi abin faɗa wa 'ya'yansa idan suka tambayi asalinsu.

Jarida kuwa a taƙaita ta: sau biyu a mako, minti goma, shafin tattalin arziki na Okaz ko Al-Iƙtisadiyya, da rahoton hauhawar farashi da hukumar ƙididdiga ke fitarwa duk wata. Labaran gida na rediyo da Facebook suna da amfaninsu, amma kada a lissafa su cikin minti ashirin ɗin.

Inda za a samu littattafan

Kantunan littattafai na Jarir da Obeikan suna da sashen kasuwanci, sai dai sabon littafi da tsada. Littafin akanta a neme shi na hannu, a shagunan tsofaffin littattafai kusa da jami'o'i ko a Haraj, kasuwar kayan hannu, domin ƙa'idojin farko ba sa tsufa. Abin da ya shafi haraji da doka kuwa, in har za ka saya, sai sabon bugu, a duba shekarar a bayan bango. Baje kolin littattafai na Riyad yakan zo ne wajen Oktoba, na Jidda wajen Disamba. Je da jerin sunaye a rubuce da kuɗin da ka yanke, in ba haka ba za ka dawo da leda biyu da ba za a buɗe ba. Masallacin Harami da na Annabi (SAW) duka suna da ɗakin karatu, wuri mai sanyi da shiru ga wanda gidansa ke cike da yara. A waya akwai Maktabatus Shamila ta littattafan addini da tarihi, da Hindawi mai ba da littattafan Larabci kyauta ta halal, da darussan intanet na shafukan Rwaq da Edraak. Kwafin da ke yawo a Telegram sau da yawa haƙƙin wani ne, ga shafuka da ke ɓacewa, jadawalin lissafi kuma ba ya karantuwa a fuskar waya. In dai da waya za ka yi karatu, kashe intanet tukuna.

Rubutu, da abokin bita

Bayan kowane zama rufe littafin, ka rubuta layi uku da Hausa, da boko ko da ajami: abin da marubucin ya ce, lambar shafin, da abin da za ka gwada. Rufewar tana da muhimmanci, domin wanda ke kwafa daga buɗaɗɗen littafi hannunsa ne ke aiki, kansa yana hutawa. Idan ka kasa faɗin abu da Hausa, ba ka gane shi ba tukuna, sake karanta shafin gobe.

Nemi mutum ɗaya ko biyu, kada su wuce haka, ku riƙa haɗuwa bayan sallar Juma'a ko ta waya, kowa ya yi minti biyar yana bayanin abin da ya karanta. Mata masu sana'a a gida suna iya yin nasu ta saƙon murya. Rukunin mutum talatin yakan koma gaisuwa da tura hotuna cikin mako biyu.

Idan ka tsallake kwana uku, kada ka ce za ka rama shafi goma sha takwas a zama ɗaya, a nan ne mutane ke yankewa gaba ɗaya. Ci gaba daga inda ka tsaya da shafi shidanka. Idan mako biyu a jere lokacin ya ƙi, lokacin ne bai dace ba, matsar da shi zuwa bayan wata sallar. A ƙarshen Sha'aban, kafin hidimar azumi ta kankama, koma shafin farko ka duba tambayoyinka, ka soke waɗanda yanzu kake iya amsawa da lambobinka, ka yi wa littafin da ke hannunka alama a ƙarshen babi. Bayan Salla, daga mako na biyu na Shawwal zuwa tsakiyar Zulƙida, akwai kamar mako biyar: a ƙarasa littafin da aka fara, kada a buɗe sabo sai Muharram.